Daga Mita 2.60 Zuwa Mita 4.10: Shekaruna a Gasar Tsallen Sanda

Kafin in bar Damagaram zuwa karatu a Faransa, sanina da tsallen sanda bai wuce abin da nake gani a talabijin lokacin gasar Olamfik ba, inda mutum zai taho a guje riƙe da doguwar sanda, ya cusa bakinta a ƙasa, ta lanƙwashe ta cilla shi sama, ya haye wani kara da aka gicciya. A makarantar sakandare gudun mita 100 da dogon tsalle nake yi, kuma filinmu rairayi ne da layin da aka ja da toka. Da na isa birnin Liyon, sanyin hunturu da kaɗaici suka sa na nemi wani kulob na guje-guje da tsalle-tsalle, na kai takardar likita da ake nema a lokacin, na biya kuɗin shekara, aka ba ni lasisin hukumar wasan ta Faransa. Niyyata ba ta wuce in riƙa gudu sau biyu a mako don jini ya motsa ba.

Abin da ya kai ni ga sanda shi ne gasar kulob-kulob da ake yi a watan Mayu. A wannan gasa kowane kulob yana fitar da 'yan wasa a kowane fanni, ana mayar da abin da kowa ya yi zuwa maki, sannan a tara wa kulob ɗin, don haka duk fannin da aka bari ba kowa asara ce ga jama'a gaba ɗaya. Kulob ɗinmu yana da masu gudu da yawa, amma masu sanda ba su cika ba. Wata rana da yamma wani dattijo cikin masu horarwa, wanda ya yi wannan tsalle a ƙuruciyarsa, ya tsaya yana kallon yadda nake taka katakon dogon tsalle, bayan na gama ya kira ni gefe ya ce mai gudu irin nawa da ke iya tashi da ƙafar hagu ya riga ya mallaki rabin abin da ake bukata, in ina so zai koya mini sauran. Na amsa masa ba tare da na san nauyin abin da na ɗauka ba.

Makonni da yawa ban kusanci katifar da ake faɗawa a kai bayan tsalle ba. Ya ba ni wata gajeriyar sanda mai tauri wadda ba ta lanƙwasa, ya nuna mini yadda ake riƙe ta: hannun dama a sama kusa da ƙugu, hannun hagu a gaba daidai ƙirji, tazarar da ke tsakaninsu kamar faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan. Na yi ta tafiya da ita, sannan sassarfa, sannan gudu, ina koyon barin bakinta ya riƙa sauka a hankali da nauyinsa yadda zai iso ƙasa daidai lokacin da ya kamata. Bayan haka muka shiga abin da ya fi komai cin lokaci, wato dasa sanda a taku uku na ƙarshe, inda hannu biyu ke tashi daga ƙugu su wuce gefen fuska su miƙe sama tun kafin ƙafar hagu ta taka ƙasa. A ramin rairayin dogon tsalle na fara ratayuwa a jikinta ina wucewa gaba. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, daga baya ya yi kanta, na kuma koyi naɗa wa wurin riƙo tef da shafa farin alli don kada gumi ya sa hannu ya zame. Sauran ranakun kuma hawan igiya ne da lilo a kan ƙarfen motsa jiki, domin wanda bai saba ganin kansa a ƙasa ƙafafunsa a sama ba, ba zai yarda ya juye a kan sanda ba.

Ranar da ya kai ni wurin tsalle na sosai, sai da ya tsugunar da ni a gaban akwatin da ake dasa sanda a ciki. Gurbi ne da aka binne daidai da ƙasa a ƙarshen hanyar gudu, tsawonsa mita ɗaya, faɗin bakinsa santimita 60, yana tsukewa yana gangarawa har zurfin santimita 20 inda bakin sanda ke cin karo da bango. Ya ce in kalle shi da kyau, domin duk katifar da ke kewaye da wurin ba ta rufe wannan gurbi ba, kuma mafi munin raunin wannan wasa a nan ake jin sa, lokacin da mutum ya tashi amma bai kai ga katifa ba ya dawo inda ya fito. Tun daga ranar na gane cewa dokarsa ta farko ita ce a shige cikin katifa da nisa, tsawo kuma ya biyo baya.

Gasata ta farko a rufaffen zaure aka yi ta, cikin hunturu. Tsarin shiga gasar kansa abin koyo ne. Mutum zai je teburin alƙalai ya tabbatar da sunansa, ya faɗi tsawon da yake so ya fara da shi, ya kuma faɗi inda yake so a ajiye masa turakun da ke ɗauke da kara, domin doka ta ba da damar a matsar da su daga daidai bangon akwati zuwa santimita 80 wajen katifa. Sannan ya auna tazarar gudunsa da ma'auni, ya ajiye alama a gefen hanya. Idan aka kira sunanka, minti ɗaya gare ka ka fara matuƙar 'yan wasa fiye da uku suka rage. Kowane tsawo yana da gwaji uku, kana iya tsallake wani tsawon ka jira na gaba, amma faɗuwa uku a jere tana fitar da kai ko a tsawo ɗaya ta faru ko a mabambanta. Da taku takwas na yi gudu a ranar. Na haye mita 2.60 a gwajin farko, na haye 2.80 a na biyu, alƙali ya ɗaga farar tuta, sannan na kayar da kara sau uku a mita 3. Na koma gefe raina a ɓace, sai na lura cewa wanda ya zo na ɗaya, wanda ya fi ni da kusan mita biyu, shi ma da jar tuta uku, alamar faɗuwa, ya gama. A wannan wasa ba a daina ɗaga kara sai ya gagari kowa, saboda haka kusan kowace gasa da faɗuwa take ƙarewa, har ga wanda ya yi nasara, kuma ya ɗauke ni lokaci kafin zuciyata ta saba da hakan.

A shekara ta biyu ne sanda ta fara lanƙwasa a hannuna, kuma a nan ne wasan ya zama wani abu dabam. Sandunan yanzu da zaren gilashi ake yin su, wasu a haɗa da zaren kabon, kuma aikinsu shi ne su karɓi ƙarfin gudun mutum su adana shi yayin da suke lanƙwashewa, sannan su mayar masa da shi sama yayin da suke miƙewa. Ba haka abin yake a da ba. An fara da sandunan itace, aka koma gora, kuma da gora Ba'amurken nan Cornelius Warmerdam ya haye mita 4.77 a 1942, bajintar da ta yi shekara 15 ba a karya ta ba. Ƙarfe ya zo bai ƙara wani abin kirki ba, amma da zaren gilashi ya shigo sai ga shi an kai mita 5 a 1963, kuma a watan Yulin 1985 Sergey Bubka ya zama na farko da ya haye mita 6, a Paris. Malaminmu yakan kawo wannan tarihi ne don ya ja mana kunne cewa sanda ba ta ƙirƙirar ƙarfi, abin da ka zuba mata shi take mayar maka.

Kowace sanda tana da tsawonta, da nauyin mutumin da aka yi ta dominsa, da kuma lambar da ke nuna taurinta, wadda masu ƙerawa ke samu ta hanyar ɗora sandar a kan madogara biyu su rataya nauyi a tsakiya su auna yadda ta sunkuya. Gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon taurin sandar. Rayuwar mai wannan tsalle, in an duba da kyau, hawa ce daga sanda zuwa sanda. Da zarar gudunka ya ƙaru, wadda ka saba da ita sai ta yi maka laushi, ta riƙa jefa ka cikin kara tun kana hawa, dole ka koma mai tauri ko ka ɗaga riƙonka da faɗin yatsa biyu ko uku. Sabuwar sandar kuwa ba ta yafe kuskure. Idan ka taka ƙasa kusa da akwati fiye da kima, za ta fizge maka kafaɗa da gadon baya. Idan ka yi sanyin gwiwa ka rage gudu a taku na ƙarshe, za ta tsaya a miƙe ta mayar da kai kan hanya. Wurin tashi na daidai shi ne ƙafa ta kasance ƙarƙashin hannun sama lokacin da bakin sanda ya daki bango, kuma malamin yakan tsaya a gefe idonsa a ƙasa, ba a sama ba, yana faɗa mini da santimita nawa na wuce ko na gaza.

A wannan lokaci ne na gamu da abin da kusan duk mai wannan wasa ya sani, wato ƙin tashi. Zan taho a guje lafiya, amma ina isa akwati sai hannuna ya ƙi ɗagawa, in saki sanda in wuce kan katifa da ƙafa. Na yi haka sau goma sha a zama ɗaya, gabana yana faɗuwa, ba tare da na iya faɗin abin da nake tsoro ba. Malamin bai yi mini faɗa ba ko sau ɗaya. Ya karɓe doguwar sandar, ya mayar da ni taku shida da gajeriya mai laushi, ya cire kara ya ɗaura igiyar roba a madadinsa, muka yi wata guda a haka har jikina ya sake yarda da ƙasa da sanda. Ina ganin wannan haƙuri nasa ne ya sa ban bar wasan ba a lokacin.

Ranar 25 ga Fabrairun 2023 muka cika mota muka tafi Clermont-Ferrand, tafiyar kusan awa biyu daga Liyon, don kallon gasar All Star Perche wadda Renaud Lavillenie ke shiryawa a garin. Lavillenie shi ne ya ci zinare a Olamfik ta Landan a 2012, kuma shi ya karya tarihin Bubka na mita 6.15 da ya haye 6.16 a Donetsk a 2014. A daren nan Armand Duplantis, ɗan Suwidin haifaffen Amurka, ya sa aka ɗaga kara zuwa mita 6.22, ya haye a gwaji na uku, ya kafa sabon tarihin duniya a gabanmu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A talabijin ido yana bin mutum ne a sama, amma daga inda na zauna abin da ya tsaya mini a rai shi ne gudunsa, yadda takunsa ke ƙara sauri har zuwa na ƙarshe ba tare da ya rage komai ba, riƙe da sanda mai tsawon fiye da mita biyar. Na kuma ga yadda abokan takararsa suke tafa masa suna tayar da 'yan kallo, kuma wannan hali ba na manya kaɗai ba ne, domin ko a ƙananan gasanninmu na gunduma na sha ganin mutum ya ara wa abokin hamayyarsa sanda, ko ya tsaya ya duba masa inda ƙafarsa ta taka.

Na dawo da zumuɗi, kuma zumuɗin ya kai ni ga kuskure mafi zafi da na yi. A gasar kulob-kulob ta wannan bazara ina iya haye 3.70 a atisaye, don haka na ce da alƙalai da wannan tsawo zan fara, duk da malamin ya ba ni shawarar in fara da 3.30 in sa wa kulob maki a aljihu tukuna. Na zauna jira fiye da awa ɗaya ana ɗaga kara, jikina ya huce, iska kuma ta juya tana bugun fuska. Gwaji na farko ban tashi ba, na biyu na taɓa kara da cinya, na uku na sauko a kansa da ƙirji. Aka rubuta mini sifili. Abokan da suka yi gudu da jifa tun safe suna tara maki ba wanda ya ce mini uffan, kuma shirun nasu ya fi mini zafi. A hanyar komawa malamin ya tuna mini cewa Bubka, wanda ya ci gasar duniya sau shida a jere daga 1983 zuwa 1997, ya fita daga Olamfik ta Basalona a 1992 ba tare da ya haye ko tsawo ɗaya ba. Ya ƙara da cewa zaɓen tsawon farawa wani ɓangare ne na gasar, musamman tunda idan mutum biyu suka yi kunnen doki, yawan faɗuwarsu ake ƙirgawa a raba su. Ban sake fara gasa da tsawon da ban tabbatar zan haye a kowane yanayi ba.

Rauni ya same ni a kaka ta gaba. A ƙarshen wani atisaye, na gaji amma na nace sai na ƙara ɗaya, sanda ta tsaya a tsakiya, na sauko a gefen akwati idon sawuna ya gurɗe. Na yi mako shida ba gudu. Da labari ya kai gida, mahaifiyata ta kira ni ta ce, “Ɗan nan, karatu muka tura ka, ka rufa mana asiri ka dawo da ƙafafunka lafiya.” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, ki ci gaba da sa mini albarka, na yi miki alkawari ba zan ƙara tsalle a gajiye ba.” Ta yi shiru, sannan ta yi mini addu'a. Na riƙe wannan alkawari, kuma na saba da duba sandata kafin kowane tsalle, domin ƙarzuwa ƙarama daga ƙusar takalmi tana iya sa ta karye a lanƙwashe. Doka ba ta lissafa karyewar sanda a matsayin faɗuwa, ana ba mutum sabon gwaji, amma ba wanda yake fatan ya ci wannan rangwame.

Makonnin jinya sun ba ni damar tunanin abin da ke riƙe da wannan wasa ta fuskar kaya. Sanda guda tana cin ɗaruruwan yuro, kuma mai gasa yana bukatar jerin sanduna, ba ɗaya ba. Katifar sauka da turaku sun fi haka tsada nesa ba kusa ba. Ɗaukar sandunan ma aiki ne, domin a doguwar jaka muke zuba su mu ɗaure a rufin mota. Ni ban taɓa mallakar ko ɗaya ba, duk na kulob ne. Wannan ne, a ganina, babban dalilin da ya sa yaran da muka yi gudu tare a Damagaram, waɗanda wasunsu sun fi ni sauri da ƙarfin tashi, ba su taɓa gwada shi ba, kuma ya sa fitattun Afirka a wannan fanni suka fi fitowa daga Afirka ta Kudu da ƙasashen arewacin nahiyar. Tarihin Afirka na maza, mita 6.03, Okkert Brits na Afirka ta Kudu ne ya kafa shi tun 1995. Abin yana damuna, domin baiwar tana nan, wurin sauka ne babu.

Mita huɗu ta zo mini a bazarar shekara ta uku, a wata ƙaramar gasar yanki da 'yan kallo ba su kai hamsin ba. A lokacin taku goma sha huɗu nake yi, da sanda mai tsawon mita 4.30. Na fara da 3.50, na haye 3.70 da 3.85, aka ɗora kara a mita 4. A gwajin farko sandar ta yi mini laushi na kwashe kara ina hawa. Malamin ya miƙo mini ta gaba da ita a tauri, wadda sau uku kawai na taɓa tsalle da ita, ya ce a matso da turakun santimita goma. Na shafa alli, na ɗaga bakin sandar sama, na jira iska ta lafa, na yi bisimilla na taho. Na ji ƙarar bakinta a bangon akwati, hannuna a miƙe, ƙirjina ya shige gaba, ƙafar hagu ta yi lilo daga baya, sai ga ni a juye ina kallon takalmina a sararin sama. Sandar ta miƙe ta tura ni, na juya cikina ya fuskanci kara, na ture sandar baya na janye hannuwana. Na faɗa katifa da baya ina kallon karan yana rawa kaɗan a kan maratayinsa, bai faɗo ba. Na daɗe a kwance ina hamdala kafin in tashi in je in rungumi dattijon.

Bayan wannan na ƙara santimita goma kacal cikin shekara guda cur, kuma mita 4.10 ita ce iyakar abin da na kai. A wannan tsakanin Duplantis ya haye 6.25 a Olamfik ta Paris a 2024, ya kai 6.30 a Tokiyo a watan Satumban 2025, yana ƙara santimita ɗai-ɗai kamar yadda Bubka ya yi a zamaninsa, kuma duk lokacin da na kalle shi nakan san abin da kowane santimita ya ci na atisaye, ko da tsakaninmu akwai fiye da mita biyu. Da na gama karatu na kama aiki, lokacin atisaye sau huɗu a mako ya gagara, kuma na san cewa wannan ba wasan da ake yi da rabin shiri ba ne, sai na sanar da malamin cewa gasar kulob-kulob ta wannan shekara ce ta ƙarshe gare ni. Na fara da 3.40, na gama da 3.90, kulob ya samu makinsa. Yanzu ranar Laraba da rana nakan je filin in taya shi da yara 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha huɗu. Shi yana tsaye a gefe yana duba takunsu, ni kuma ina bakin ramin rairayi, ina gyara musu riƙo, ina tare sandar idan sun sake ta don kada ta bugi ƙasa ta ƙarzu.